Yaran Gwandu da Kwandon Baba Manu

Samarin da ke wannan aiki yanzu sukan zo gaishe ni, su baje a zaure, su ce, "Baba Haliru, ai ku kun ci banza. An ba ku mota, an ba ku kuɗin Turawa, aikinku kawai ku kai yara bakin ruwa su sha iska." Nakan bar su su gama, sannan in ce su gyara zama. Duk wanda bai taɓa kwasar yaran gari cike da mota ya sauke su a fadama ba, ya kuma mayar wa kowace uwa da nata lafiya, da ƙafa biyu da takalmi biyu, bai san aikin nan ba. Takalman ma sun fi yaran wuyar dawowa.

A farkon shekarun saba'in na shiga sana'ar, ina saurayi mai koyarwa a firamare a Gwandu. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ce ta ba da tallafi, wai a riƙa fitar da yaran gari da iyayensu daji lokacin hutu, su san itatuwa da tsuntsaye da ruwa. Mutanen Gwandu sun sha dariya. Wani dattijo ya ce tun da yake bai taɓa jin an biya mutum don ya je ya kalli belbela ba. Amma ni da ke aji da yaran na san akwai gyara. Gona dai sun san ta, ruwa mai faɗi ne ba su sani ba, don ruwansu na rijiya ne da guga. Akwai wata ɗalibata Kulu, 'yar Alhaji Sambo mai yadi, yarinya mai baki da saurin tausayi, wadda ta rantse mini cewa kifi a lanƙwashe Allah ya halicce shi, domin in ba kyafaffe na kasuwa ba, ba ta taɓa ganin wani ba.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Bagudu, tsohon malamin daji da ya yi ritaya, gajere, mai gashin baki zaƙo-zaƙo. Aikin farko da ya ba ni, ya sauke ni a wurin da za mu yi zango tun ana gobe yara za su zo, ya miƙa mini sanda da adda, ya ce in taka ko'ina da ƙafata. In duba kogon kowace itaciya ko akwai zuma, in zungura kowane rami, in share ƙaya, in ga inda iska ke kaɗawa kafin in haƙa masai. Na yi ta yi har hannuna ya yi bororo. Da ya dawo ya zaga sau ɗaya, ya tsaya ƙarƙashin inuwar da na zaɓa wa yara don cin abinci, ya ɗaga kai ya ce, "Haliru, mi kag gani bisa?" Na duba, sai ga gidan rina ya kai girman ƙoƙo. Tun daga ranar ban ƙara zaɓar inuwa ina kallon ƙasa ba.

Shi ya koya mini cewa a tafiya yaron da ya fi kowa nawa shi ake sawa gaba, jagora kuma yana baya yana ganin ƙeyar kowa. Shi ya hana ni busa usur sai in akwai haɗari, don busa ɗaya kan tashi tsuntsayen fadama gaba ɗaya, a bar ka kana nuna wa yara ciyawa. Ya kuma ce in yaro ya tambaye ni abin da ban sani ba, in kama hannunsa mu je mu tambayi mutumin wurin tare.

Kayan aiki kuwa a akwatunan katako suka zo. Akwai tantuna, da madubin hangen nesa, da gilashin da ke ƙara wa ƙwaro girma, da ragar kama malam-buɗe-littafi, da kwalabe masu huji a murfi. Har da wasu jakunkunan barci na ƙasar sanyi, waɗanda in ka shiga ɗaya a ƙasar Kabi sai dai a fito da kai a dafe. Inna Tumba, mai dafa mana abinci kuma mai kula da 'yan mata, ita ta samo musu amfani: takan lulluɓe tukunyar tuwo da su, ya kai la'asar da zafinsa. Abin da ya riƙe aikin da gaske shi ne garwar ruwa, da igiya, da tabarma, da allurar cire ƙaya da ke maƙale a hulata kullum.

Tare da kayan aka aiko mana da doka guda, Malam Bagudu kuma ya so ta ƙwarai: a kama, a duba, a sake. Ko fara ce, ko kwaɗo, ko ɗan tsuntsu, ka riƙe shi a hankali, ka ƙare masa kallo, ka mayar da shi inda ka same shi. Yaran suka mai da ita waƙa, suna yi suna buga jikin mota tun daga Gwandu har mu wuce Kalgo.

Yara ba su taɓa ba ni wahalar da iyaye suka ba ni ba. Tallafin na yara ne da iyalansu, haka aka shirya shi, amma ka je ka ce wa magidancin Gwandu ya rufe shago ya zo ya zauna a ciyawa. Wannan ya ce yana da baƙi, wancan ya ce ƙafa. Alhaji Sambo kuwa, mutum mai farar riga da ko ƙuda ke jin kunyar sauka a kanta, kullum amsarsa ɗaya ce: "Malam, ku tahi da yarinya, Allah shi kiyaye hanya." Akwai wata Baturiya da ƙungiyar kan aiko duk shekara ta ga yadda ake ciki. Takan yaba komai, sannan ta waiga ta ce, "Ina iyayen?" A zuwanta na biyu ta gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye, in ta dawo baɗi ba ta ga iyaye ba, za a mayar da tallafin wani gari. Raina ya ɓaci sosai, don a lokacin na riga na bar koyarwa na kama wannan aiki da hannu biyu.

Zangonmu yana bakin wani tafki ne bayan Diggi, kusa da wata 'yar unguwar masunta, ƙarƙashin wasu manyan kanya. Da goro da sallama Malam Bagudu ya roƙi wurin a hannun Sarkin Ruwan unguwar. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mana. In ruwa ya janye bayan damina, akan kulle tafkin, a kafa sanda da ganyen kaba a kanta a bakin ruwa. Muddin sandar nan na tsaye, ba mai jefa raga, ba mai sa ƙugiya, ko da Sarkin Ruwan ne da kansa, sai ranar su, ranar da za a cire ta kowa ya shiga a kama tare. Mu da ba kamun kifi ya kawo mu ba, muka ce wannan mai sauƙi ne.

Sai ga shekarar fari. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe, gulbi ya koma yashi sai 'yan kududdufai, tafkuna suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Namu ne kawai ya rage a yankin, ya ja baya amma yana nan, idon unguwar duka yana kansa. Mun yi shawarar fasa fita a wannan rani, amma Baturiya na tafe, kuma yaran sun ishe mu da tambaya. Muka loda ruwan shanmu a duro da hatsinmu a buhu don kada mu zame wa kowa nauyi, muka tafi.

Da hantsin rana ta biyu ina ƙarƙashin kanya da 'yan maza, muna bin madubin hangen nesa hannu-hannu muna kallon wasu gauraki biyu. 'Yan mata sun tafi da Inna Tumba wanke kwanoni, ita kuma ta ɗan koma duba wuta. Sai ga Kulu a guje, zane jiƙe har ƙugu, ƙawayenta na biye, fuska kamar an yi mata albishir da Makka.

Ta ce, "Malam, mun yi aikin lada! Mun iske kihi cikin wani babban kwando, an ruhe su cikin ruwa, ba su ko iya juyawa. Mun duba su da kyau, suna da gashin baki irin na Malam Bagudu. Kuma miƙe suke, Malam, ba lanƙwashe ba."

Na ce, "Sannan fa?"

Ta ce, "Sannan munka sake su mana."

Kafin mu isa bakin ruwa mai kwandon ya riga mu. Baba Manu ne, wani tsohon masunci da kan gaishe mu kowace safiya. Ya ɗago kwandon, ruwa ya tsiyaye, ba komai ciki. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye shi, ya zauna a kan laka, ya ɗora hannu a gwiwa. A nan muka ji yadda abin yake. Tarwaɗun nan ba na tafkin ba ne. Da ƙafa ya yi ta zuwa gulbi, yini guda, yana tsamo su daga kududdufan da suka rage, yana ɗauko su a gora a ka. Da sanin Sarkin Ruwa ya nutsar da kwandon a gefen tafki don su zauna da rai. Duk ranar kasuwar Kalgo yakan ciri kaɗan ya kai, ya dawo da hatsin da gidansa zai ci. Rumbunsa ke nan a shekarar da ba rumbu.

Abin da ya fi ci mini rai, kifin ba su yi nisa ba. Ga su nan suna juyi a ɗan gaba kaɗan, bayansu na ɓullowa. Na ce, "Baba, ai ga su can. A jefa raga sau ɗaya mana, tun da naka ne."

Ya dube ni ya ce, "Malam, cikin kwando nawa na. Da sunka hita, na tabki na, tabki ko kulle shike. In na jeha raga yau, gobe kowa na da kwandon da anka buɗe mai."

Kulu na tsaye tana ji. Hawaye ne kawai ke zuba.

Aka taru gaban Sarkin Ruwa bayan azahar. Mutanen unguwa da yawa sun ce mu kwashe tantunanmu kada a sake ganin mu, ban kuma ga laifinsu ba. Malam Bagudu ya nemi a biya, Sarkin Ruwa ya girgiza kai, ya ce in an karɓi kuɗi yau, gobe mai kuɗi zai zo ya yi abin da ya ga dama da tafkin. Ya dubi yaran, sannan ya ce, "Wanda yas saki kihi shi ka kamo shi. Amma waɗanga ƙanana na. In ɗiya tay yi ɓarna, uba ka shiga ruwa. Ranar su, uban kowace yarinya da tat taɓa murhin ga shi zo da jikinai, shi shiga, abin da yak kama na Manu na. In sun zo, inuwar kanya taku ta. In ba su zo ba, mun yi bankwana."

A ranar muka naɗe tantuna. Inna Tumba ta sa aka sauke buhunan hatsinmu a ƙofar gidan Baba Manu, ta ce ita bayanta ba zai iya komawa Gwandu da kaya ba, duk da cewa mota ce za ta ɗauka. A hanya ba wanda ya yi waƙa.

Shekara biyu na kasa fito da mutanen nan su zauna a tabarma, yanzu kuma an ce in kawo su su shiga laka. Na bi iyayen 'yan matan gida-gida. Limamin wata unguwa ya ce zai yi addu'a. Tela ya ce zai aika ƙanensa. Kowa kuma sai ya ƙare da tambaya ɗaya, shin Alhaji Sambo zai je? Na je wurin Alhaji har ƙafata ta san tabarmar zaurensa. Ya ce zai ba da buhu, zai ba da turmin atamfa, zai aika barorinsa duka. Na ce an ce da jikinsa. Ya shafa rigarsa ya ce, "Ni? Cikin laka? Malam Haliru, ka dube ni da kyau."

A zuwana na ƙarshe, muna cikin wannan ja-in-ja, sai Kulu ta yi sallama ta shigo zauren. Ta durƙusa ta ajiye wani tsohon gajeren wando a gaban mahaifinta, wankakke, a ninke.

Ta ce, "Baba, ga shi na wanke ma. In ba ka zuwa, ni zan sa shi in shiga, tunda ni nib buɗe."

Alhaji ya fashe da dariya, ya dube ni don in taya shi, ya ga ban yi ba. Ya sake duban yarinyar, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Tsohon ga, yara nawa gare shi gida?" Kulu ba ta faɗi adadi ba, sai ta shiga jero masa sunayensu, har da ta goye, don ta gan su a ƙofar gida ranar da aka sauke hatsi. Alhaji ya ɗauki wandon ya ware shi, ya gwada a cikinsa, ya ce, "Wanga ko cinya guda ba ta shiga. A kira min tela."

Da labari ya bazu cewa Alhaji Sambo ya ba da ɗinkin gajeren wando, sai kowa ƙafarsa ta warke. Abin da ban zata ba shi ne mata. Kakanni da gwaggwanni da iyaye mata suka ce rabonsu da abin kallo an daɗe, ba kuma za a ba su labarin mazansu a cikin laka ba, da idonsu za su gani. Waɗanda ba su fita aka yi musu izini. Mota ɗaya ta kasa, sai da muka ƙara ta haya. Malam Bagudu kuwa, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya aika wa Baturiya cewa ranar ce ta fi dacewa da zuwanta.

Ranar su, bakin tafki ya cika maƙil. Masunta sun jeru, kowa da gorarsa da homarsa, wato ragar hannu mai baki biyu. Mutanen Gwandu suna gefe guda, ƙafafu fari fat, kowa na jan wando ƙasa. Sarkin Ruwa ya yi addu'a, ya tuge sandar, kalangu ya ɗauka, aka ruga. An ba Alhaji aron gora ya hau ya yi iyo da ita kamar yadda masunta ke yi. Ya kwanta a kanta, ta juya, ya nutse, ya taso da laka har gira. Ya sake hawa, ta sake juyawa. Mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, tana zaune a tabarma tana share hawayen dariya da gefen mayafi, tana cewa, "Sambo, tun kana yaro ba ka son wanka." Liman ya cafko wani abu da ƙarfi yana kabbara, ya ɗago, sai ga ƙafar tela.

Baba Manu ya shiga tsakiyar mutanen Gwandu yana nuna musu yadda ake taka laka a hankali, da yadda ake danne tarwaɗa ta bayan kai don kada ƙayarta ta soki mutum. Sun yi iya yinsu, wannan na shaide su. Amma da aka fito, abin da iyayen Gwandu suka kama gaba ɗaya ba zai cika ƙwarya ba. Alhaji guda ɗaya ya samu, ita ma da kanta ta shige masa singileti. Ya rungumo ta da hannu biyu, yana haki, ya kai gaban tsohon ya sa a kwandon nan.

Baba Manu ya leƙa ya ce, "Wagga tawa ta, na gane ta. Ta rame dai."

Aka kwashe da dariya. Wani masunci da ke wucewa da gorarsa cike ya ciro ɗaya ya jefa a kwandon, ya ce ladan kallo. Na bayansa ma ya yi haka, sai abin ya zama layi. Kafin la'asar kwandon ya ƙi rufuwa. Na waiga na ga Sarkin Ruwa yana cin goronsa a natse, ban ga alamar mamaki a fuskarsa ba.

Baturiya ta yi ta ɗaukar hoto har fim ɗinta ya ƙare. Ta zo ta tambaye ni wace dabara muka yi iyaye suka fito haka. Na buɗe baki, Malam Bagudu ya taka mini ƙafa, ya ce mata, "Haƙuri na, da sanin hanya." Tallafin ya ci gaba, inuwar kanya kuma ta zama tamu har na tsufa a aikin. Daga shekarar nan sai da muka riƙa roƙon wasu iyayen su haƙura sai zuwa na gaba.

To, samari, dokar nan ban jefar da ita ba, don doka ce mai kyau. Abu ɗaya kawai muka ƙara mata a farko: a tambaya, a kama, a duba, a sake. Ku da kuke ganin daji fili ne na Allah da ba mai shi, ku je ku gani. Kanyar da kuka zauna a inuwarta akwai matar da ke jiran 'ya'yanta, ramin da kuka tsallake tarkon wani ne, ciyawar da kuka shimfiɗa tabarma a kai akwai wanda ya yi mata alama don awakinsa. Wannan shi ne rabin sana'ar, kuma ba ya zuwa a akwatin katako.

Da muka koma a shekarar da ta biyo bayan farin nan, an yi damina mai kyau, tafki ya cika har gindin kanya. Muna sauka sai ga Baba Manu da 'yar ƙwarya a hannu, da ƙaramar tarwaɗa tana juyi a ciki. Ya wuce ni, ya wuce Malam Bagudu, ya tsaya gaban Kulu.

Ya ce, "Ungo. Wagga ni na ba ki. Ki duba ta, ki sake ta."

Ta karɓa, ta danne ta bayan kai yadda ya koya wa babanta, ta je bakin ruwa ta durƙusa. Har ta kai hannu, sai ta tsaya ta waigo.

Ta ce, "Baba, akwai hatsi gida?"

Ya ce, "Akwai, Kulu. Rumbu cike."

Sannan ta buɗe hannunta.